BAƘIN KAKA: ƘANANAN TSUNTSAYEN DA KE SAUKA A FADAMUNMU DAGA TURAI

Da zarar an ce kaka ta yi, abin da ke faɗo wa kowace mace a rai shi ne sabon gero da sabuwar dawa, da ɗanyar gyaɗa, da wake, da kuma katunan biki da za su fara shigowa gida ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sama ya ɗauke, iska ta fara juyawa, shamuwa kuma ta kwashe 'ya'yanta ta bar itatuwan gari ta nufi kudancin Afirka. Tafiyar shamuwa dai kowa ya san ta, har yara. Amma ba kowa ne ya lura ba cewa a daidai makonnin da take ban kwana, akwai wasu baƙi da ke sauka a bayan garuruwanmu, ba sallama ba hayaniya, bayan sun ƙetare teku da hamada.

A wannan wata filinmu na yawon buɗe ido ba zai kai ki wata ƙasa ba. Za mu fara ne daga bayan garin Kano, mu leƙa gonakin rani na Kura da Kadawa, sannan mu bi ruwa har dausayin Haɗeja da Nguru, duk don mu gano waɗannan baƙi. Abin da za mu gani a can kuwa, kusan duk akwai irinsa a bayan garinku, ko a Katsina kike, ko Sakkwato, ko Maraɗi, ko Damagaram.

SU WANE NE BAƘIN?

Dangi biyu ne, kuma 'yan gida ɗaya ne a wajen masana tsuntsaye. Na farko Turawan Ingila na kiran sa wagtel, ma'ana mai kaɗa jela, don haka mu ma a nan kaɗa-jela za mu riƙa ce masa. Na biyu kuma suna ce masa fifit, sunan da aka ɗauko daga irin kukansa.

Tsawon kaɗa-jela mai ruwan ɗorawa bai wuce santimita 16 ko 17 ba, kuma kusan rabin wannan tsawo jela ce. Nauyinsa yana kewayen giram 17, wato in kin ɗora ƙananan dunƙulen Maggi huɗu a tafin hannunki, to kin ɗauki kusan nauyinsa. Wannan ɗan abu shi ne ke tasowa daga ƙasashe irin su Italiya da Folan da Finlan, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000 ko 5,000, ya ƙetare Bahar Rum, ya ratsa hamadar Sahara, ya zo ya sauka a gindin ƙafar saniya a Gezawa. Yana fara isowa tun cikin Satumba, ya yawaita a Oktoba da Nuwamba, ya zauna da mu duk tsawon sanyi, sannan ya juya gida a Maris da Afrilu don ya yi sheƙa ya ƙyanƙyashe. Ke nan rabin shekararsa a ƙasarmu yake yin ta.

Alamu uku za ki riƙe, da su za ki raba su da gwara da sauran ƙananan tsuntsayen da kika saba gani a tsakar gida. Na ɗaya, tafiya suke yi a ƙasa, ƙafa bayan ƙafa kamar kaza, har da ɗan gudu, ita kuwa gwara tsalle take yi. Na biyu, jelar ba ta hutawa, kullum sama da ƙasa take. Na uku, bakinsu siriri ne kamar tsinke, domin ƙwari suke ci: ƙuda, sauro, ƙananan fara, tsutsa. Ba ruwansu da hatsi. In sun tashi kuma za ki ga suna tafiya a iska suna hawa suna sauka, gefen jelar yana walƙiya fari.

ZANGO NA FARKO: BAYAN GARI

Ba sai an shiga mota ba. Duk inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, nan ne zangon farko. A Kano ana iya bin hanyar Gezawa ko ta Dawakin Kudu ko ta Madobi. Abin nema shi ne gonar da aka riga aka girbe aka saki dabbobi suna cin kara da harawa, musamman in akwai kududdufi ko wani ɗan kwari mai danshi a kusa.

Ki tsaya nesa kaɗan da garken shanu, ki sa ido. Abin da za ki fara gani belbela ce, fara tas, tana bin shanu. A bayan wata saniyar wataƙila ki ga carki maƙale yana cire kaska. To ki sauke idonki ƙasa, daidai kofato. A nan za ki ga wani ɗan siririn tsuntsu, bayansa ruwan ganye mai duhu, cikinsa rawaya-rawaya, yana ratsawa tsakanin ƙafafun saniya kamar wanda aka haifa a ruga. Duk takun da saniya ta yi sai ƙwari su tashi daga ciyawa, shi kuma ya cafke. Wani lokaci har gaban hancinta yake zuwa tana kiwo, ko kallonsa ba ta yi. Haka yake bin tumaki da awaki da jakuna. A ƙasashen Turai ma an san shi da wannan hali, har sunan da Faransawa suka ba shi yana nufin 'yar makiyayiya.

Kada ki yi tsammanin rawaya mai haske irin ta kanari a wannan lokaci. A kaka tufafinsu sun koɗe, yawancinsu kuma 'ya'yan bana ne da aka ƙyanƙyashe watanni uku ko huɗu da suka wuce, cikinsu fari-fari ne, sai ɗan ruwan ɗorawa a ƙarƙashin jela. Ki dubi wannan da kyau, uwargida: ɗan wata huɗu ne, bai taɓa ganin Afirka ba, amma ga shi ya iso.

A bakin rijiyar shayar da dabbobi, ko gefen kududdufi, ko inda ruwan famfo ke malala, nan kuma ake samun ɗan uwansa farin kaɗa-jela. Shi ya ɗan fi girma, bayansa toka-toka, fuskarsa da cikinsa fari, da baƙin tabo a ƙirji kamar an ɗaura masa ɗan ƙyalle. Yakan iso a makare, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kuma ya fi yawa a can arewa, irin su Daura da Nguru da ƙasar Nijar. Ba ya cika tsoron mutane. Mata na wanki a bakin ruwa, shi yana gefe yana harkarsa.

Akwai kuma na uku wanda shi ɗan ƙasa ne, ba ya zuwa ko'ina. Baƙi da fari ne sosai, ya fi sauran girma, kuma ana ganinsa a kan duwatsun manyan koguna irin su Kwara da Binuwai. Wadda ta taɓa zama a Lakwaja ko Makurɗi ko Jabba wataƙila ta san shi, don har kan rufin gidajen bakin kogi yake sauka yana rera kuka mai daɗi.

ZANGO NA BIYU: KURA DA KADAWA

In aka ɗauki hanyar Zariya daga Kano, kafin a yi nisa za a shiga ƙasar noman rani ta Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ke bin magudanai yana shayar da gonaki. A watan Oktoba da Nuwamba wurin ba ya zama shiru. Ana yankan shinkafa, ana bugu, ana shanya a bakin titi, wasu kuma sun fara gyaran fangalai na tumatir da albasa da alkama. Duk inda aka yanke shinkafa aka bar gindinta cikin laka, ko aka saki ruwa a sabon fangali, to nan ne kasuwar kaɗa-jela. A gona ɗaya sai ki ƙirga ashirin ko talatin.

A irin wannan wuri ne ake gane wani abin mamaki game da su. Jikinsu iri ɗaya ne, amma hular kansu ta bambanta, kuma hular ce ke nuna ƙasar da namiji ya fito. Mai kai shuɗi-toka da farin layi a saman ido daga tsakiyar Turai yake, irin su Jamus da Folan. Mai kai toka mai duhu ba layi daga can arewa yake, Suwidin da Finlan da arewacin Rasha. Mai kan toka da farin maƙogwaro ɗan Italiya ne. Mai kai baƙi wuluk kuma daga yankin Girka da Turkiyya yake, an fi ganinsa ta gabas, wajen Tafkin Cadi. Kamar dai yadda ake gane Babarbare da Bazazzagi da Bayarabe a tasha ta hularsu. A kaka bambancin bai fito sosai ba, amma in kin koma wurin a Fabrairu ko Maris, bayan sun sake gashi, za ki gan su rawaya shar, kowa da hularsa.

Yanzu sai mu zo kan fifit, wanda shi ganinsa sai da haƙuri. Siffarsa ta kaɗa-jela ce, sai dai jelarsa ta fi gajarta, launinsa kuma na ƙasa ne, da zane-zane masu duhu a baya da ƙirji. In ya tsaya cik a cikin busasshiyar ciyawa, sai ki rantse hoge ne. Galibi sai ya tashi daga gaban ƙafarki kike sanin yana nan.

A jiƙaƙƙun fangalai wanda ake samu shi ne fifit mai jan maƙogwaro. Cikin duk baƙin nan yana cikin waɗanda suka fi yin nisan tafiya, domin a can ƙarshen arewacin duniya yake sheƙa, a saman Nowe da Rasha, inda itatuwa ba sa girma saboda sanyi, kuma rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazararsu. A kaka jan maƙogwaron ba ya bayyana a jikin da yawansu, don haka da kunne ake gane shi. In ya tashi yakan yi wani siririn kuka dogo, "tsiiii", kamar iska na fita daga ƙaramar huda. Kukan kaɗa-jela mai ruwan ɗorawa ya fi wannan gajarta da kauri.

Wadda ta samu dama ta kai yamma a wurin, to ta jira abin da ya fi komai kyau. Bayan la'asar sakaliya, rana ta yi ja, sai ki fara jin kukansu daga sama. Ƙungiya-ƙungiya suke tahowa daga kowace kusurwa, biyar, goma, hamsin, duk sun nufi wuri guda: wata gonar rake, ko dogayen ciyayin bakin ruwa. Sai su taru a fili kusa da wurin, su yi ta kai da kawo, gab da magariba kuma su riƙa faɗawa cikin ciyawar kamar ana zuba tsakuwa. A wuri mai kyau ɗaruruwa ke kwana tare, wani wurin ma dubbai. Kwana a saman ruwa yana kare su daga muzuru da sauran masu farautar dare. Da asuba kuma su watse, kowa ya nufi garkensa.

ƘARƘASHIN GAWO DA ƊORAWA

A hanyar dawowa, a tsaya a gonar da ke da manyan itatuwa jefi-jefi. Gawo dai kin san halinsa: da damina yake zubar da ganye, da kaka kuma, lokacin da sauran itatuwa ke shirin bushewa, shi sai ya tofo. Dabbobi na taruwa a inuwarsa, ƙwari na taruwa inda dabbobi suke. A irin waɗannan gonaki ake gamuwa da fifit na itace. A ƙasa yake kiwo kamar 'yan uwansa, amma da ya ji motsi sai ya tashi ya hau reshe, ya tsaya yana lilo da jela a hankali yana kallonki. Wannan hali shi ne shaidarsa. A ƙasar Kano yawancinsu masu wucewa ne a Satumba da Oktoba, sun nufi inda ya fi itatuwa, irin su kudancin Kaduna da tsaunukan Jos, inda suke cin sanyi.

A busassun filaye masu rairayi na arewa, wajen Maigatari da Machina da Damagaram, akwai wani fifit ɗin mai launin yashi, kusan ba zane a ƙirjinsa, dogo, mai tsayuwa a miƙe. Shi ma baƙo ne daga Turai. Sannan akwai ɗan gida, fifit mai bayan da ba zane, wanda ke zaune da mu shekara duka, ya fi son gajeriyar ciyawa da wurin da aka ƙone. Kada yawan sunayen nan ya ruɗa ki. Masanan kansu sukan yi gardama a kan fifit. In kin iya cewa wannan kaɗa-jela ne, wancan fifit ne, to kin yi ƙoƙari a shekarar farko.

ZANGO NA UKU: HAƊEJA ZUWA NGURU

Ruwan da muka gani a Kadawa ba a nan ya tsaya ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su wuce ta Wudil su zama kogin Haɗeja. A gabas da garin Haɗeja ƙasa ta kwanta shimfiɗe, sai kogin ya rarrabu tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, ya gamu da ruwan kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, su malale su zama dausayi mai faɗin gaske, kafin ragowar ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. Daga Kano ana bi ta Gumel da Malam Madori, kuma wanda ya fita da sassafe zai isa kafin azahar.

Ambaliya takan kai ƙarshenta a Agusta da Satumba. Daga Oktoba ruwa ya fara ja da baya, kullum yana barin sabuwar laka, kuma kowa na bin bayansa. Masunta na kafa mali da gura. Manoma na yankan shinkafa, wasu na shuka wake da masara a danshin da ruwa ya bari. Fulani na gangarowa da garkuna daga tudu. A sama kuma ga kirinjijiya da dinya da zalɓe, ga agwagin daji da suka zo daga Turai su ma. A tsakiyar wannan taro kaɗa-jela ba ya ɗaukar ido, amma ki duba bakin laka da gindin shanu, za ki ga ba inda babu shi. Tsuntsun da ya fito daga hamada a galabaice, irin wannan wuri ne ruwa da ciyawa na farko da yake tararwa.

Duniya ta daɗe da sanin darajar wurin. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona da ke ƙasar Bade. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya samu wannan matsayi. A 2008 aka ƙara da Baturiya ta Jihar Jigawa da Dagona ta Jihar Yobe. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen muhallin halittu.

YADDA AKA GANO HANYARSU

Mai karatu za ta iya tambaya, wa ya bi su har ya san daga inda suke? Amsar ita ce zobe. Masana kan kafa raga mai laushi a wurin kwanansu, su kama tsuntsu, su auna shi, su sa masa ɗan zoben ƙarfe mara nauyi a ƙafa mai ɗauke da lamba da adireshi, su sake shi. In wani ya sake kama shi ko ya tsince shi a wata ƙasa, sai ya aika da lambar. Wani Baturen Ingila mazaunin Kano mai suna Sharland ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki, haka kuma an sa wa dubban kaɗa-jela zobe a Vom kusa da Jos a shekarun 1960 da 1970. Daga zobban da aka samu a Turai, da na Turai da aka samu a nan, aka haɗa taswirar tafiyarsu.

A 1967 wata tawagar masana daga Ingila ta sauka a Malam Fatori, lokacin garin yana bakin ruwan Tafkin Cadi, don su ga yadda tsuntsayen ke shirin komawa. Sun tarar cewa a makonnin ƙarshe kafin tashi, kaɗa-jela kan dage da ci har ya ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, kusan duk kitse. Wannan kitse shi ne guzurinsa, shi zai ƙona a saman hamadar da faɗinta ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, inda ba ruwa ba ƙwaro. Wanda bai samu isasshen abinci a fadamarmu ba, ba zai ga ɗaya gefen ba.

Yau 'ya'yanmu ne ke wannan bincike. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, cikinsu har da mata. Yarinyar da ta fara da ƙirga tsuntsaye a bayan gari tana da inda za ta kai abin.

ABIN DA KE DAMUN SU, SHI KE DAMUN MU

Adadin waɗannan baƙi yana raguwa a wurare da dama. A Ingila, tun 2009 aka sa kaɗa-jela mai ruwan ɗorawa da fifit na itace cikin jerin tsuntsayen da aka fi jin tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Wani ɓangare na dalilin yana can wajensu, inda noman zamani ya cinye makiyaya masu danshi. Wani ɓangaren kuma ya shafi nan. Tun lokacin farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960, wanda iyayenmu ba su manta da shi ba, Turawa suka lura cewa in damina ta gaza a ƙasashenmu, wasu tsuntsayen ba sa komawa wajensu da yawa a shekara mai zuwa.

A dausayin Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa, wadda aka gama a 1992, sun sauya yadda ruwa ke zuwa. Ambaliyar da ke malala ta janye a kan lokaci ta ragu, a wasu wuraren kuma ruwa ya koma zama shekara duka, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa da cinye gonaki da wuraren su. Kacalla kuma ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa da gero. In aka yi feshin maganin jan-baki a wurin kwanansa, sauran tsuntsayen da ke kwana a ciyawa ɗaya ba su tsira ba. A gonakin rani ma, yawan fesa maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba yana kashe abincin kaɗa-jela, kuma tumatir ɗin da aka fesa wa shi ne ke shigowa tukunyarki. A cikin birane kuwa, kududdufai da fadamun da muka taso muka gani an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, shi ya sa ruwan da ya rasa wurin zama yake shiga ɗakunan mutane da damina.

Ashe ke nan fadamar da ke ciyar da wannan ɗan tsuntsu ita ce mai ba mu kifi da shinkafa da nono da kayan miya. Ranar da kika je bayan gari a Nuwamba kika ga shanu ba kaɗa-jela a gindinsu, to akwai abin da ya taɓa ƙasar, kuma ba a kansa kaɗai zai tsaya ba.

Akwai kuma abin da ke hannunmu mu iyaye mata kai tsaye, wato danƙo da tarkon yara. Kaɗa-jela ba ya gudun mutum sosai, don haka shi ne saukin harbi. Naman da ke jikinsa bai kai loma ɗaya ba. Yaron da aka zaunar aka gaya masa daga inda wannan tsuntsu ya taso da abin da ya ƙetare, da wuya ya sake ɗaga masa danƙo. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, bai kamata baƙon da ya yi tafiyar wata da watanni ya ƙare a aljihun ɗanmu ba.

IN ZA KI FITA DA YARA

Ki shawarci maigida a zaɓi ranar da ba makaranta, Asabar ko Lahadi, a fita tare. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 na safe, ko daga la'asar zuwa gab da magariba. In tafiyar mai nisa ce kamar ta Nguru, a fara tambayar lafiyar hanya, a yi ta da rana, a kuma nemi ɗan gari ya yi jagora.

A sa tufafi marasa ƙyalli, ruwan ƙasa ko toka ko kore, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji. A riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa. In an isa, a yi wa mai gona ko mai shanu sallama a nemi izini, kada a ratsa garke, kada a taka fangali. Sau da yawa makiyayin zai nuna muku inda tsuntsayen ke kwana, don ya fi kowa sanin su. A tsaya rana tana bayanku, a yi shiru, a bar tsuntsu ya matso da kansa.

Ki hana yara shiga ruwan kwance ko magudanar noman rani, komai zafi, saboda tsargiya. Kada su taɓa mataccen tsuntsu da hannu, sai dai in an ga zobe a ƙafarsa babba ya ɗauki hoton lambar da waya. In yamma ta yi a tuna da sauro.

Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma rashinsa ba ya hana komai, domin kaɗa-jela yakan matso har taku goma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne littafin rubutu da fensir. Ki ba kowane yaro aikinsa: wannan ya rubuta kwanan wata da wuri, wannan ya ƙirga, wannan ya zana abin da ya gani. In akwai babbar waya a gidan, manhajar Merlin kyauta ce, tana nuna hotunan tsuntsaye da kukansu. Da an dawo gida a ɗauko taswirar duniya, a sa yatsa a Kano, a ja shi sama ta Agadas, a ratsa hamada da teku har Italiya da Finlan. Darasin labarin ƙasa ke nan da ba za su manta ba.

Ku rubuta ranar da kuka fara ganin kaɗa-jela a bana, da ranar da kuka gan shi na ƙarshe a bazara. Baɗi ku sake rubutawa. Bayan shekara uku ko huɗu za ku ga gidanku ya san lokacin zuwansa kamar yadda kakanninmu suka san lokacin zuwan shamuwa, kuma ku ne za ku fara lura in wani abu ya canza a fadamar garinku.

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.